Sojan da ya dawo ba tabo a jiki, wa ya duba masa kai?

Ranar Juma'a bayan la'asar ina zaune teburin mai shayin bakin layinmu sai ga wani maƙwabcinmu, tsohon soja, saje ne kafin ya ajiye kaki, ya zo sayen burodi. Ya miƙa kuɗi, aka ba shi canji, ya tsaya yana kallon kuɗin a tafin hannunsa kamar bai taɓa ganin irinsu ba, sannan ya sake tambayar nawa ne burodin. Ana cikin haka wani yaro ya tayar da babur mai fasasshen salansa a bayansa. Mutumin nan ya dafe kunnen hagu, ya juyo ya daka wa yaron wata irin tsawa da ta sa kowa ya yi tsit, ya wuce ya bar burodin a kan tebur.

Ko kwanar layi bai sha ba wani a cikinmu ya ce, "Ai duk wanda ya je Barno haka yake dawowa, wiwi ce ta cinye masa kai." Aka yi dariya, aka ci gaba da hirar ƙwallo.

Wallahi maganar nan ta tsaya min a wuya. Na san bawan Allahn nan tun kafin a tura shi, ko sigari ba ya sha, kuma shi ne idan ya zo hutu yake tara yaran layi a ƙofar gida yana koya musu lissafi. Abin da ya faru da shi kuwa, motar da yake ciki ce ta taka nakiya, abokan aikinsa na gaba suka rasu nan take, shi ya fito ko ƙwarzane babu sai jini kaɗan a kunne da amai da jiri, aka ba shi farasitamol aka ce ya gode wa Allah, bayan 'yan kwanaki ya koma bakin aiki. Ya gode wa Allah ɗin kuwa. Amma tun daga ranar ba shi ne mutumin da ya bar gida ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: sojan da bam ya tashi kusa da shi, ko ya faɗo daga mota ya bugu a kai, ko ya daɗe yana harba manyan bindigogi, sannan halinsa ya canza, to mai rauni ne har sai likita ya duba ya ce ba haka ba. Haƙƙinsa ne a rubuta abin ranar da ya faru, a duba shi, a hutar da shi, kuma in abin ya zauna masa a biya shi kamar yadda ake biyan wanda ya rasa ƙafa. Mu kuma mutanen gari mu daina yanke masa hukunci a teburin shayi.

Me ke faruwa a cikin kan?

Ƙwaƙwalwa taushinta kamar na awara ne, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai mai tauri. Idan bam ya fashe, kafin ma ƙarfe ko dutse ya iso, akwai wata matsananciyar iska da ke fitowa da gudun da ya fi na sauti, tana ratsa jiki har cikin kai. Bayanta kuma sai jifar da mutum, kai ya bugi rufin mota ko ƙasa, ƙwaƙwalwa ta daki ƙashi ta gaba ta dawo ta daki na baya. Siraran jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin sassanta su miƙe, wasu su tsinke. Hular kwano tana tare tarkacen ƙarfe, amma ba ta iya hana wannan girgizar gaba ɗaya.

Wurin da ya fi shan bugu shi ne na bayan goshi da na gefen kunnuwa. Na bayan goshin nan shi ke riƙe mutum idan ransa ya ɓaci, shi ke tsara masa abin da zai fara da abin da zai biyo. Na gefe kuma yana da hannu wajen ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa. To ka ga inda saurin fushi da mantuwa ke fitowa. Ga ciwon kan da ba ya jin magani, ga ƙarar da ke kuka a kunne dare da rana, ga rashin barci, ga hasken rana da hayaniyar kasuwa su zame wa mutum azaba. Wani ma bugun kan taɓa ɗan ƙullin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki, sai kasala ta rufe mutum, sha'awar iyali ta ɗauke, matar ta fara zargin ko ya yi wata a can, shi kuma kunya ta hana shi faɗa wa kowa.

Gaskiya ce dai, yawancin masu ƙaramin bugu suna warwarewa cikin 'yan makonni in an bar su sun huta. Matsalar ita ce wanda ba a hutar ba, ya sake shan wani bugun kafin na farko ya warke, ya sake, ya sake. Yaƙin Boko Haram kuwa tun 2009 ake yinsa, an yi farmakin soja mai suna Lafiya Dole, yanzu ana na Haɗin Kai, kuma binne nakiya a hanya na cikin manyan makaman mutanen nan, tun daga hanyar Damboa har zuwa ta Gamboru da Rann. A watan Agustan 2018 sojoji sun yi bore a filin jirgin Maiduguri suna kukan sun shekara da shekaru a fagen daga ba a canza su ba. Mutumin da ya yi shekara uku ko huɗu a waɗannan hanyoyi, fashewa nawa ta tashi kusa da shi?

"Shaye-shaye ne kawai"

Ban ce babu shaye-shaye a bariki ba, akwai, kuma akwai waɗanda da halinsu suka shiga aikin. Amma kafin ka ce ƙwaya ce ta lalata mutum, tambayi wanne ya riga wanne. Mutumin da kansa ke sarawa kullum, kunnensa na kuka, ya kwana uku bai runtsa ba, ya je asibiti an ce lafiyarsa ƙalau, sai wani abokinsa ya miƙo masa tiramol ya ce gwada wannan, ya sha ya ji sauƙi na awa biyar, me kake tsammani zai yi gobe? Da yawa ba maye suka fita nema ba, barci suka fita nema.

Abin takaicin ma shi ne tiramol ɗin kan jawo farfaɗiya ko ga mai lafiya, balle ƙwaƙwalwar da ta riga ta ji rauni. Giya ma haka take ƙara dagula lamarin. Idan aka kama shi aka jefa gadurum ko aka kore shi daga aiki saboda ƙwaya ba tare da an taɓa tambayar abin da ya same shi a hanya ba, an hukunta reshe ne an bar tushen.

"Aljanun daji ne, ko alhakin jini"

Wannan ita ce ta cikin gida, ta iyaye mata da gwaggonni. Ya taka sawun iska a Sambisa, an yi masa sammu a wurin aiki, ko kuma a ce jinin da ya zubar ne ke bin sa. Ni ban hana kowa ruƙiyya da addu'a ba, ni ma ina yi. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani, kuma ba a ce kar a haɗa addu'a da asibiti ba. Abin da ke ɓata min rai shi ne a shekara biyu ana hayaƙi da rubutu, a sayar da akuya a sayar da fili, ba a taɓa kai mutum gaban likitan ƙwaƙwalwa ko sau ɗaya ba.

Kuma duk wanda ya zauna zaure ya karanta Risala ya san malamanmu ba su ɗauki raunin kai da wasa ba. Sun rarraba shi dalla-dalla: wanda ya bayyana ƙashi diyyarsa raƙuma biyar ne, wanda ya gusar da ƙashi raƙuma 15, wanda ya isa ƙwaƙwalwa sulusin diyya. Gushewar ji cikakkiyar diyya ce. Gushewar hankali ma cikakkiyar diyya ce, daidai da ta rai. Littafin nan ya haura shekara dubu, kuma mu da muke karanta shi a gidajenmu mu ne muke dariya idan tsohon soja ya manta kuɗin burodi.

"An yi hoto ba a ga komai ba"

Wannan hujjar ta fi sauran ƙarfi, don ita ce manya ke kamawa. An yi masa hoton CT, ya fito fes, to me kuma? Amsar ita ce hoton CT jini da karayar ƙashi da kumburi yake nema, irin abin da ke kashe mutum a daren. Tsinkewar siraran jijiyoyi ba ta fitowa a cikinsa, sau da yawa ko hoton MRI na yau da kullum ba ya kama ta. A 2016 wasu likitoci a Amurka sun wallafa binciken ƙwaƙwalen tsoffin sojojin da fashewa ta shafa bayan sun rasu, suka ga wani irin tabo na daban wanda sai da madubin ɗakin bincike ake ganinsa. Mutanen nan da ransu an yi ta ce musu abin a zuciyarsu yake.

Kuma wannan rashin yarda ba yau ya fara ba. A yaƙin duniya na ɗaya an ga sojoji na karkarwa, wasu sun kurumce, wasu sun kasa magana bayan ruwan igwa, har wani likita Charles Myers ya yi rubutu a kai a 1915, amma hafsoshi da yawa suka ce ragwanta ce. Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifin tsoro da gudu daga fagen daga, ana ganin wasunsu marasa lafiya ne, sai a 2006 aka yi musu afuwa, bayan su da iyayensu duk sun zama ƙasa.

Ko kwanan nan ma, ranar 8 ga Janairun 2020 Iran ta yi wa sansanin Ainul Asad na Iraƙi, inda sojojin Amurka suke, ruwan makamai masu linzami don ramuwar kisan Janar Ƙasim Sulaimani. Shugaba Donald Trump ya fito ya ce babu sojan Amurka da ya ji rauni, da aka sake tambayarsa ya ce ciwon kai ne ya ji an ce, ba wani abu mai tsanani ba. Kafin wata biyu an tabbatar da raunin ƙwaƙwalwa a sojoji sama da 100. Idan ƙasar da ta fi kowa kayan aiki za ta kalli abin ta ce ciwon kai ne, ina ga kofur ɗinmu da ke Malam Fatori?

Su dai sun ƙirga nasu. Daga 2000 zuwa yau sojojin Amurka sama da 450,000 aka rubuta sun samu raunin ƙwaƙwalwa, kusan kashi 80 cikin 100 irin wanda ake ce wa ƙarami ne, kuma da yawa ba a yaƙi ba ne ma, a atisaye ne da haɗarin mota da faɗuwa. Saboda sun rubuta ne suka iya bin sawu. Wani bincike na 2018 a kan tsoffin sojoji sama da 350,000 ya nuna ko ƙaramin bugun da mutum bai suma ba yana ninka haɗarin kamuwa da gigin tsufa sau biyu da ɗoriya. A cikin sojojin yaƙin Biyetnam da harsashi ko ƙarfe ya huda musu kai, kusan rabi sun kamu da farfaɗiya, wasu sai bayan shekara goma ta fara. Wato mutum na iya yin ritaya garau, ya koma ƙauyensu ya kama noma, sannan abin ya taso masa lokacin da babu wanda zai haɗa shi da aikin soja.

Za a ce wasu za su yi ƙaryar ciwo don su gudu daga daji ko su ci kuɗi. Za a samu, ko a ciwon baya ana samu. Maganin maƙaryaci gwaji ne, ba a ƙaryata kowa da kowa ba.

"Ai ya san abin da ya sa hannu a kai"

Ya sani. Yaron da ya shiga Defo, wurin horar da kuratan soja a Zariya, ya san zai iya mutuwa, zai iya rasa hannu. Abin da bai sa hannu a kai ba shi ne idan ya ji rauni a ce masa bai ji ba. Masu cewa mazan jiya da suka je Burma ko yaƙin basasa ko Laberiya da Saliyo ba su yi raki ba, su tambayi tsofaffin unguwa. Kusan kowane gari akwai wani tsohon soja da yara ke bi suna tsokana yana fareti shi kaɗai a titi. Ba ƙarfin hali ne ya bambanta su da na yanzu ba, shiru suka yi suka mutu da abinsu.

"Kana so ka wanke azzalumai"

Na san wannan za ta zo, kuma ban raina ta ba. Bahaushe bai ce soja marmari daga nesa a banza ba. Wanda aka taɓa sa shi tsallen kwaɗo a shingen hanya gaban matarsa, ko aka kama ɗansa ba a sake ganinsa ba, ba zai ji daɗin a ce ya tausaya wa mai kaki ba. Raunin kai ba ya wanke zalunci, wanda ya kashe ko ya daki farar hula a hukunta shi, kuma mafi yawan masu wannan rauni ba su taɓa cutar da kowa ba sai kansu.

Amma ka duba ta wannan gefen. Mutumin da ya kasa riƙe fushinsa, ba ya barci, ƙara kaɗan ke firgita shi, a ɗauke shi a ba shi bindiga cike da harsashi a tsayar da shi a rana a shingen da ɗaruruwan motoci ke wucewa suna hon. Wa ke cikin haɗari? Direban tasi ne da fasinjansa. Ko don kanka kake so, duba kan sojan nan maslaharka ce.

"Ina kuɗin?"

Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi mana kaɗan, kuma kullum wasu na ficewa waje, wannan ba a musu. Amma matakin farko ba ya buƙatar na'ura. Tun 2010 dokar sojan Amurka ta ce duk wanda ke cikin mita 50 da fashewa, ko yana cikin motar da abin ya shafa, dole a duba shi a ba shi hutun aƙalla awa 24 ko da ya rantse lafiyarsa lau, kuma wanda ya samu bugu uku cikin wata 12 sai an yi masa cikakken bincike kafin ya koma. Gwajin farkon ma kati ne da ma'aikacin jinya ke riƙewa a aljihu: yau wace rana ce, maimaita kalmomin nan biyar, faɗi lambobin nan daga ƙarshe, jero watanni a juye. 'Yan mintuna ne. A mayar da shi Hausa da Kanuri da turancin bariki, a koya wa kowane mai ba da taimakon farko a bataliya. A 2024 kuma suka ƙara da cewa duk sabon kurtu sai an gwada ƙwaƙwalwarsa tun ranar shiga, don in wani abu ya faru a san yadda yake a da. Wannan ma ba gagara ba ce a Zariya ko makarantar hafsoshi ta Kaduna.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wurina shi ne biro da takarda. Ranar kaza, a wuri kaza, nakiya ta tashi da mota, ga sunayen duk waɗanda ke ciki, har da waɗanda suka fito da ƙafarsu. Ba tare da wannan layi ɗaya a fayil ba, bayan shekara goma mutum zai tsaya gaban kwamitin likitoci ko hukumar fanshon soja ya ce kaina ne, a ce ina shaida, shaidun kuma wasu sun rasu wasu sun watse.

Na ji daɗi da Najeriya ta shiga wasannin Invictus na sojoji masu rauni a 2023, da kuma zuwan Yarima Harry na Birtaniya asibitin soja na 44 a Kaduna a 2024, da maganar gina cibiyar kula da masu firgicin yaƙi a Abuja. Duk alheri ne. Sai dai firgicin yaƙi daban, raunin ƙwaƙwalwa daban, ko da yake sukan haɗu a mutum ɗaya kuma alamominsu na kama da juna. Idan aka ba mutum nasiha da maganin damuwa alhali matsalarsa jijiyar kunne ce ko ta ido ko sinadarin jiki, zai gaji ya daina zuwa. Kuma cibiya ɗaya a Abuja ba ta isar wanda ya yi ritaya ya koma Zuru ko Biu ko Langtang.

Sai maganar matan. Babu na'urar da ta kai matar soja sanin abin da ya canza. Ita ce ke rubuta masa cefane a takarda ya dawo da rabi, ita ke kashe janareto da wuri, ita ke kora yara ɗaki idan ta ga jijiyar goshinsa ta tashi, ita ke shan marin da in gari ya waye zai zauna yana kuka yana cewa bai san ya yi ba. Ba na cewa ta zauna a kashe ta, in akwai duka dole dangi su shiga, a raba su in ta kama har a yi magani. Amma likita ya kira ta ya saurare ta, a rubuta bayaninta cikin fayil. Malamin da aka kawo wa maganar saki cikin fushi daga gidan tsohon soja shi ma ya tambayi tarihin mutumin, ya ce a kai shi asibiti kafin ya ba da fatawa. Kuma in mutum ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ba wasa ba ne, a ɗauke makami da ƙwayoyi daga ɗakin, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa ranar, ko na Maiduguri ko na Barnawa ko na Kware ko duk wanda ya fi kusa.

Akwai kuma waɗanda ko fayil ɗin ma ba su da shi. 'Yan kato da gora da mafarauta da 'yan sa-kai suna hawa motoci iri ɗaya da sojoji, sau da yawa ma su ne a gaba don su suka san hanya, nakiya kuma ba ta tambayar lambar aiki. Haka sojojin Nijar da ke Diffa, da na Chadi da Kamaru da ke yankin tafkin Chadi, duk hanya ɗaya suke takawa. Soja ko ba komai yana da hukumar da zai kai wa kuka. Ɗan sa-kai in kansa ya juye, gidan uwarsa za a mayar da shi. Gwamnatocin Barno da Yobe da Adamawa da suka ɗauke su aiki su ya kamata su buɗe musu rajista, a rubuta kowace fashewa da sunan duk wanda ke wurin, a ba su katin ganin likita kyauta ko bayan sun ajiye gorar.